Yadda ake binciko salsalar gidan attajiran Ingila na ƙarni na 16 zuwa na 18

Talakan Ingila na shekarun 1600 sau uku sunansa ke shiga takarda: ranar da aka yi masa baftisma, ranar aurensa, da ranar da aka binne shi. Attajiri kuwa duk inda ya taka sai ya bar rubutu, domin kuɗi ba ya motsi sai da shaida. Ya sa hannu a yarjejeniyar koyon sana'a, ya biya kwastan, ya yi ƙara an yi ƙararsa, ya bar wasiyya. Saboda haka mai neman salsalar irin wannan gida dukiya zai bi, ita za ta kai shi ga mutanen.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen suna. Kusan rabin mazan Ingila na wancan zamani John ne, ko William, ko Thomas. Ganin suna ɗaya a gari ɗaya ba hujja ba ce. Kada ka ɗaura ɗa a kan uba sai takardu biyu da ba su dogara da juna ba sun faɗi haka, kuma aƙalla ɗaya ta fito ƙarara ta ce wane ɗan wane ne.

Gidan Gresham, attajiran Landan 'yan asalin Holt a yankin Norfolk, shi za mu riƙa ɗaukowa a matsayin misali.

Mataki na 1: tsayar da mutum ɗaya

Fara da wanda ka tabbatar da shi, ka yi baya. Ba a farawa daga kakan da ake alfahari da shi a gangaro. Buɗe shafi guda ga kowane mutum, da gurbi shida: suna yadda takardar ta rubuta shi, kwanan wata yadda yake a takardar, yankin cocin da yake zaune, ƙungiyar sana'arsa, abin da takardar ta ce, da lambar takardar a rumbun da aka ajiye ta. Kada ka gyara rubutun suna. A lokacin babu tsayayyen harafi, mutum ɗaya zai fito Smith, Smyth da Smythe, wani lokaci a shafi guda. Idan kana nema a intanet, gwada kowane salo.

Mataki na 2: wasiyya

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kafin 12 ga Janairu 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya a Ingila. Wanda dukiyarsa ke wuri guda, ƙaramar kotun yankinsa ce ke duba tasa. Wanda ke da kaya na fam 5 ko fiye a lardin bishop sama da ɗaya, sai babbar kotun Akbishop na Canterbury, ko ta York idan mutumin arewacin ƙasar ne. Attajiri da wuya ya rasa bashi ko haja a wani gari, don haka yawancinsu kotun Canterbury suka nufa, haka ma wanda ya mutu a teku ko a ƙasar waje. Kundayenta suna The National Archives da ke Kew, ƙarƙashin lamba PROB 11, daga 1384 zuwa 1858, kuma ana iya nemo su da suna a manhajar binciken rumbun mai suna Discovery a sauke hotonsu. Na York suna Borthwick Institute. Daga 1653 zuwa 1660, lokacin da aka rushe kotunan coci, kotu ɗaya ce a Landan ta tabbatar da wasiyyoyin ƙasar duka, kuma suna cikin PROB 11 ɗin. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, duba PROB 6, inda aka rubuta wanda aka damƙa wa dukiyar da dangantakarsa da mamacin.

Ka sani abin da ke PROB 11 kwafi ne da magatakardan kotu ya yi. Sa hannun da ke ƙasa ba na mamacin ba ne, kuma magatakarda kan yi tuntuɓe a sunan ƙauyen da bai sani ba. Ainihin takardun, waɗanda suka tsira, suna PROB 10.

In ka samu wasiyyar, kwafe ta gaba ɗaya, kada ka tsinci sunayen da kake so kawai. Daga nan ka fitar da waɗannan:

Kwanan wata biyu, ranar rubuta ta da ranar tabbatar da ita. Mutuwar tana tsakaninsu, kuma tazarar kan yi tsawo. Sir Thomas Gresham ya yi tasa a 1575, ya rasu 21 ga Nuwamba 1579.

Inda ya ce a binne shi. Sau da yawa yakan ce kusa da matarsa ta fari ko mahaifinsa, ka samu suna da coci a layi ɗaya.

Sadakar da ya bar wa talakawan wani gari. Attajirin Landan da ya bar fam 10 ga matalautan wani ƙauye mai nisa, galibi can aka haife shi, kuma yakan faɗa da bakinsa. Wannan layi kaɗai kan buɗe maka tsara biyu.

Wasiyyai, masu sa ido, da shaidu. Surukai da abokan ciniki ne yawanci.

Sai a kula da kalmomin dangi, don ma'anarsu a lokacin ta fi ta yau faɗi. Cousin na iya zama kowane ɗan dangi, har ɗan wa ko ɗan ƙane. Nephew kan zo da ma'anar jika. Son-in-law na iya zama suruki, yana iya zama agola. Brother kan haɗa da mijin 'yar'uwa da ɗan'uwan mata. Senior da junior ba dole uba da ɗa ba ne, mutum biyu ne masu suna ɗaya a unguwa, babba da ƙarami. Rubuta kalmar yadda take, ka jira wata takarda ta warware ta.

Rashin ganin ɗa a wasiyya ba ya nufin babu shi. Babban ɗa sau da yawa an riga an rubuta masa gida da gona a yarjejeniyar aurensa. 'Yar da ta yi aure ta riga ta tafi da rabonta. Wanda aka bar wa sule ɗaya ba lallai fushi aka yi da shi ba, alama ce cewa ba mantuwa aka yi ba. A Landan kuma akwai tsohuwar al'ada da ta raba kayan ɗan gari kashi uku: ɗaya na matarsa, ɗaya na 'ya'yansa, ɗaya ne kawai yake da ikon yin wasiyya da shi, kusan kamar sulusin da muka sani a fiƙihun gado. Ba a soke tilascinta ba sai 1725. Wannan al'ada ta haifar da Kotun Marayu ta birnin, wadda ke riƙe rabon yaran da ba su balaga ba. Takardunta, a The London Archives, suna lissafa yaran da suna, su kawo ƙididdigar kayan gida ɗaki bayan ɗaki, da hajar da ke sito, da masu bin mamacin bashi da waɗanda yake bi.

Kada ka tsaya kan wasiyyar mutuminka. Nemo ta kowane mai sunan gidan a cikin shekara 50 kafinsa da 50 bayansa, musamman ta matan da mazansu suka mutu da ta tuzurai. Matar aure ba ta yin wasiyya sai da yardar miji, amma wadda mijinta ya rasu tana yi, kuma ta fi maza lissafa dangi: zobe ga wance 'yar ƙanwata, cokulan azurfa ga jikana wane. Kawun da bai haihu ba kan jera dangi duka.

Lissafin kuɗin fam, sule da kwabo ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Za ka ci karo da mak, wato sule 13 da kwabo 4. Lambobin na Rumawa ne, kuma harafin i na ƙarshe j ake mai da shi, viij takwas ke nan. Salon rubutun hannun ƙarni na 16 da na 17 yana da wuya a makon farko. The National Archives na da darussan koyonsa kyauta a shafinta. Sakin layin ƙarshe, na tabbatarwa, da Latin yake har 1733, in ban da shekarun 1650.

Mataki na 3: takardun koyon sana'a

Wanda zai yi ciniki da kansa a cikin birnin Landan sai ya zama ɗan gari mai 'yanci, kuma ta ƙungiyar sana'a ake shiga. Manyan su 12 ne, Mercers (dillalan yadi masu tsada) a gaba, sai Grocers (masu kayan yaji), Drapers (masu yadin ulu), Fishmongers (masu kifi), Goldsmiths (maƙeran zinariya) da sauransu. Ƙofofin shiga uku ne, kowace da abin da take gaya maka.

Ta bauta: yaro ya yi shekara 7 ko fiye a hannun ubangida. Rajistar ɗaure shi kan kawo sunansa, sunan mahaifinsa, garin mahaifin, sana'arsa, da ko yana raye. Babu takardar da ta fi wannan amfani, domin yawancin yaran daga wajen Landan suka zo, kuma ita ce gadar da ke haɗa attajirin birni da ƙauyensu. Daga 1556 ba a ba yaron gida 'yanci sai ya kai shekara 24, saboda haka cire 24 zuwa 26 daga shekarar da ya samu 'yanci, ka kusanci shekarar haihuwarsa. Ba a yarda ya yi aure yana cikin bauta ba, don haka nemi aurensa bayan wannan shekarar.

Ta gado: ɗan halal na ɗan ƙungiya, wanda aka haifa bayan uban ya samu 'yancinsa. Wannan sharaɗi na ba ka iyaka: ba a haifi ɗan kafin wannan shekara ba.

Ta saye: ya biya kuɗi ya shiga. Baƙo ne galibi, ko wanda ya yi arziki a wani gari.

Thomas Gresham an haife shi wajen 1519, kafin a fara rajistar coci, don haka babu takardar baftismarsa da za ka nema. Amma an san ya yi bauta a hannun ƙanen mahaifinsa, John Gresham, ya shiga Mercers a 1543, ya yi aure a 1544. Ka ga lissafin ya zauna.

Shafin ROLLCO na ba da rajistar ƙungiyoyi da dama kyauta, ciki har da Mercers, Drapers da Clothworkers. Kundayen wasu suna Guildhall Library, wasu ƙungiyoyin sun riƙe nasu. Takardun 'yancin gari na birnin kansa daga 1681 suka tsira. Daga 1710 zuwa 1811 an sa haraji kan kuɗin da uba ke biyan ubangida, rajistar tana Kew ƙarƙashin IR 1, kuma ta game ƙasar duka.

Abu ɗaya da ke ɓatar da mutane: sunan ƙungiya ba shi ne sana'a ba. Ɗan ƙungiyar masu kifi na iya zama dillalin barkono daga Indiya wanda bai taɓa sayar da kifi ba. Amfanin sunan shi ne rarrabewa. John Brown ɗan Drapers da John Brown ɗan Grocers mutum biyu ne har sai ka ga takardar sauya ƙungiya.

A Bristol, Exeter, Norwich, York da Newcastle akwai kundayen 'yan gari da na yaran koyo a rumbunan biranen. Tsarin ɗaya ne.

Mataki na 4: rajistar coci da tarkon kalanda

Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na takwas, ne ya ba da umarnin fara rajistar baftisma, aure da binnewa a 1538. A 1598 aka ce a kwafe su cikin kundin fata, amma malaman coci da yawa daga 1558, shekarar hawan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, suka fara kwafi, suka bar na baya ya salwanta. Daga 1598 ɗin kuma ana aika wa bishop kwafin kowace shekara. Idan ainihin kundin ya ɓata ko ya goge, nemi wannan kwafin. Tsakanin 1642 da 1660, zamanin yaƙin basasa da mulkin da ya biyo baya, akwai giɓi a wurare da yawa. Gobarar 1666 ta cinye coci 87 a Landan, ko da yake an tsere da kundaye masu yawa. Hotunan na Landan suna Ancestry, FamilySearch da FreeREG kuma na da fihirisa kyauta. Fihirisa jagora ce kawai, buɗe hoton ka karanta da idonka.

Yankunan cocin birnin ƙanana ne ƙwarai, 97 ne a cikin ganuwa kaɗai. Iyali na iya ƙaura titi biyu su faɗa wani yanki. In 'ya'ya suka katse a wani kundi, duba na maƙwabta, sannan ƙauyukan gefen birni irin su Hackney da Clapham inda masu hali ke da gidan hutu.

Ga tarkon. Har 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa. Ma'aurata sun yi aure a Afrilu 1620, an yi wa ɗansu baftisma 10 ga Fabrairu 1620. Wanda bai sani ba zai ce an haifi yaron wata biyu kafin aure. Alhali Fabrairun nan bayan Afrilun ya zo, da wata goma. Duk kwanan da ya faɗa tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, rubuta shi da shekara biyu, 1620/1. Fihirisa a intanet wasu sun gyara, wasu ba su gyara ba, kuma ba sa gaya maka. A Satumba 1752 kuma an tsallake kwana 11, daga 2 ga wata sai 14.

Tarko na biyu: idan yaro ya mutu, sukan maimaita sunansa ga na bayansa. Kowace baftisma ka samu, bi shafukan binnewa na shekara biyar zuwa goma a gaba, balle shekarun annoba, 1603, 1625 da 1665. Salsaloli da yawa da ke yawo a intanet an ɗora su ne kan jaririn da ya mutu yana da wata uku.

In babu iyalin a cocin gwamnati, wataƙila ba 'yan cocin ba ne. Rajistar ɗariƙar Kirista ta Quaker na Kew ƙarƙashin RG 6, ta sauran ɗariƙu na RG 4. Attajirai 'yan asalin Holan suna da cocinsu a Austin Friars tun 1550, Faransawa kuma a Threadneedle Street.

Mataki na 5: bi matan

Masu hali ba su cika son a yi shelar aurensu a coci sau uku ba, lasisi suke saya. Takardar rantsuwar neman lasisin kan faɗi shekarun ango da amarya, ko sun taɓa aure, da sunan uban amarya in ba ta kai 21 ba. Na ofisoshin Akbishop na Canterbury suna Lambeth Palace Library.

Auren zawarawa ruwan dare ne a wannan da'ira, domin matar attajirin da ya mutu jari ce. Matar Thomas Gresham, Anne Ferneley, matar marigayi William Read ce, ta zo da 'ya'yanta. Ɗansu tilo da Gresham, Richard, ya rasu a 1564 bai bar baya ba. Gresham na da 'ya, Anne, wadda aka haifa ba ta hanyar aure ba, ta auri Nathaniel Bacon, wanda mahaifiyarsa 'yar'uwar matar Gresham ce. Kaso mai tsoka na dukiyar ya bi ta hannun matar zuwa gidan Read. Don haka duk wanda ke ɗauke da sunan Gresham ya ce daga tsatson Sir Thomas mai ginin Royal Exchange, matattarar 'yan kasuwar Landan, ya fito ta wajen maza, ya yi kuskure. Reshen da ya ɗore na ƙanen mahaifinsa ne, Sir John, masu Titsey a Surrey. Ko John ɗin ma uku ne a tsara uku: kakan da ke Holt, wannan da ya yi magajin garin Landan a 1547 ya rasu a 1556, da yayan Thomas da ya rasu a 1560.

Mataki na 6: salsalar da gidan ya bayar da kansa

Daga 1530 zuwa 1688 jami'an sarki masu kula da tambarin gidaje sun riƙa zagaya yankuna suna rubuta salsalar masu iƙirarin tambari. Na Landan an yi a 1568, 1633 zuwa 1635, 1664 da 1687, kuma Harleian Society ta buga da yawa. Yarda da abin da mai gidan ya faɗa game da kansa, matarsa, 'ya'yansa da iyayensa. Daga kaka zuwa sama ka yi shakka. Sabon mai kuɗi na son tsohon asali, yakan mai da kaka mai jima ya zama mai gari, ya manta da ɗan'uwan da ya talauce. Wasu bugun kuma masu gyara sun cusa ƙari daga wasu rubuce-rubuce.

Mataki na 7: kotu, kwastan, haraji da kamfanoni

Rigimar gado ita ce abincin Chancery, babbar kotun sarki mai duba rigingimun dukiya. Takardar ƙara kan fara da zayyana wa ya haifi wa, wani lokaci tsara uku. A Kew, duba C 2 da C 3 don zamanin Elizabeth zuwa tsakiyar ƙarni na 17, C 5 zuwa C 10 don bayan nan, C 11 daga 1714. Bayanan shaidu a C 24 na farawa da sunan mai shaida, shekarunsa da unguwarsa. Kotun harkokin teku, HCA 13, haka take, kuma cike take da 'yan kasuwa. Ka tuna kowane ɓangare abin da zai fisshe shi yake faɗa, amma ba su cika yin ƙarya kan dangantakar da abokin shari'a zai iya ƙaryatawa ba.

Kundayen kwastan, E 190, sun fara daga 1565, suna nuna wa ya yi lodin me a wane jirgi. Na Landan bayan 1697 an lalata su. Harajin murhu, sule 2 a shekara kan kowane murhu daga 1662 zuwa 1689, yana E 179, kuma yawan murhun na nuna girman gida. Na Landan na 1666 yana British History Online. Harajin 1695 kan aure, haihuwa da binnewa ya bar jerin mutanen kowane gida a mafi yawan yankunan birnin, mata, yara da barori.

In mutumin ya ɓace daga Landan shekara goma yana saurayi, wataƙila wakilin ubangidansa ne a waje. Kamfanin Levant na da mutane a Halab, Izmir da Istanbul, takardunsa na SP 105. Na Kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa 31 ga Disamba 1600, suna British Library. Na Royal African Company, wanda ya samu takardar sarki a 1672 ya yi cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma da babban sansaninsa a Cape Coast, suna T 70. Kada ka tsallake wannan don kare sunan gida. Edward Colston na Bristol ɗan Mercers ne, ya shiga kamfanin a 1680, ya zama mataimakin gwamnansa a 1689, kuma tsawon ƙarni biyu sadakarsa kawai aka riƙa ambato. Bai taɓa aure ba, dangi ne suka gaje shi.

Idan masu suna ɗaya suka cakuɗe

Ware musu shafi daban-daban, ka jera kowace takarda bisa shekara. Abubuwan rarrabewa su ne ƙungiyar sana'a, yankin coci, sunan mata, ainihin sa hannu, da alamar da kowane attajiri ke bugawa a kan dilarsa da hatiminsa. An daɗe ana rubuta cewa Sir John Child, gwamnan Bombay, ɗan'uwan Sir Josiah Child ne mai juya Kamfanin Gabashin Indiya daga Landan, don suna ɗaya, kamfani ɗaya, zamani ɗaya. Bincike ya nuna ba 'yan'uwa ba ne. Sir Francis Child mai banki ma gidansa daban, ɗan mai sana'ar tufafi ne daga Wiltshire.

A zanen salsalar, ja cikakken layi inda takardu biyu suka tabbatar, layi mai ɗigo-ɗigo inda zato ne, ka rubuta dalilin zaton a gefe da lambar takardar. Rubuta har kundin da ka duba ba ka samu komai ba, da shekarun da ka karanta a cikinsa, don kada ka sake biya ta nan.